Daga Tsakar Gidan Gwaggo Ana Hango Kan Dutse

A lokacin ni budurwa ce mai rawar kai, ban daɗe da samun aiki ba aka turo ni Dutse kwas na wata huɗu. Kafin in baro Haɗeja babana ya ja min kunne cewa yayarsa tana unguwar Limawa a can Dutse, kada in yi wasa da ita. Gwaggon nan ita ta goye ni har na yi wayo, kuma da yake sunan mahaifiyarsu na ci, ba ta taɓa kirana da komai ba sai uwata. Na je mata sau ɗaya a satin farko. Ta rasa inda za ta sa ni don murna, har ta buɗe akwati ta ba ni wani jan mayafi da ta daɗe tana ajiye min.

Daga nan na yi ƙawaye a wurin kwas, kaina ya fashe. Duk Asabar da sassafe sai mu hau duwatsun da ke bayan unguwarsu, mu yi ta ɗaukar hoto, ni da jan mayafina. In mun sauko mu wuce gonar dabino, daga can sai wajen mai gasasshen kifi. Gwaggo takan kira ni a waya ta tambaya yaushe zan leƙo, in ce mata aiki ya sha min kai, ko Asabar ba ma hutawa. Sai ta sa min albarka ta kashe. Ni kuwa har daɗi nake ji wai na iya zance.

Ranar da zan tafi na je sallama. Ta shimfiɗa min sabuwar tabarma, ta kawo min ruwa a kofin gilashin da take ajiye wa baƙi. Muna cikin gaisawa ta ce mayafin ya karɓe ni, ga shi ana gane shi tun daga nesa. Na ɗaga kai, sai ga dutsen nan tsaye a saman katangarta. Ashe duk Asabar tana zaune a tsakar gida tana kallona. Ta ce da ta hango ni take ɗora dambu, don a tunaninta in na sauko zan biyo. Ya wuni a rufe, da yamma ta raba wa maƙwabta. Ta faɗi haka ba faɗa ba kuka. Wallahi ji na yi da ma ƙasa ta tsage in shige.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Ƙawayen nan yau ko lambar ɗaya ba ni da ita, hotunan kuma sun bi wayar da ta lalace. Abin yana ci na har gobe, kuma ba wanda nake jin haushi sai kaina. 'Yan uwa, in kuka sauka garin da kuke da tsoho, ku yi yawonku, amma kada ku yi masa ƙaryar aiki, yana gani shiru kawai yake yi. Shekara shida ke nan, duk sallah ina zuwa Limawa. Tana karɓata da fara'a, ta kawo ruwa a kofin gilashi, ta ce sannu da zuwa ma'aikaciya.