Badaru Mai Wankin Ƙasa

A unguwarmu ta Dakoro, idan yaro ya ɓarar da ruwa, tsofaffi kan ce masa, "Kai Badaru ne?" Yaran ba su san ko wane ne ba. Ni ma ban tarar da shi ba. Abin da na sani daga bakin kakata Furera na ji shi, ita kuwa ba ta taɓa ƙaunar mutumin ba, don haka ban yi alkawarin yi masa adalci ba. Na dai tambayi waɗansu tsofaffin, ban sami wanda ya ƙaryata ta ba.

Badaru ɗan manoma ne daga wajen Birnin Lalle. Yana saurayi, zamanin Nasara, ya bi masu fataucin dabbobi zuwa kudu, bai tsaya ba sai Kwatano, bakin teku. Can ya sami aiki a gidan wani Bature mai kanti. Ba kuku ba ne, ba boyi ba, tsakar gida aka ba shi. An shimfiɗe ta da jan bulo, ƙasar can kuma ruwa ba ya daɗewa bai sauka ba, iskar ma a jiƙe take. In aka yi sakaci kaɗan sai gansakuka ta rufe bulon, ya yi kore, ya yi santsi, ciyawa ta tsiro tsakanin bulo da bulo. Matar Baturen ta taɓa zamewa ta yi targaɗe, shi ya sa aka ɗauki mutum guda don wannan aiki kaɗai. Aka koya masa ya kwarara ruwa, ya goge da buroshin waya, ya bi layukan da lanƙwasasshiyar ƙusa yana ƙwaƙule su, ya cika su da tankaɗaɗɗen yashi, sannan ya ɗauraye zuwa kwata. Ya yi shekaru yana yi a durƙushe, har gwiwoyinsa suka yi kanta irin ta raƙumi.

Da aka sami mulkin kai, Baturen ya sayar da kantin ya koma ƙasarsu. Badaru ya dawo da akwatin ƙarfe, da buroshinsa, da wani tari da bai rabu da shi ba har ya mutu. Ba mata, ba ɗa. Gona kuma bai koma ba, ya ce shi ma'aikaci ne.

A lokacin ne Alhaji Mijinyawa, attajirin hatsi wanda kamiyonsa, babbar motar kaya, ke kai gero Maradi ya dawo da kayan Najeriya, ya ga ƙofar gidan wani abokin cinikinsa a Katsina shimfiɗe da jan bulo. Ya sa aka kawo masa irinsa. Aka shimfiɗa daga bakin zaurensa har jikin ginin maƙwabta. Ginin nan bayan ɗakin kakata ne, ɗakin laka inda take kwana da ƴaƴanta, mahaifiyata tana goye. Maginin bai yi kwata ba, don ba wanda ke tunanin kwata a Dakoro. Gangaren kuwa ya faɗa wajen ɗakin.

Alhaji ya ji labarin akwai wanda ya yi wa Bature irin wannan aiki, ya ɗauke shi. Tsintsiya kawai wurin yake buƙata, don a nan rana ce ke gasa bulon tun safe har yamma. Amma Badaru abin da ya iya shi ya yi. Rijiyar unguwar zurfi ne da ita, mata kan haɗu su ja guga ɗaya, tafin hannunsu duk ya faffashe. Shi kuwa sai ya zo da jakin Alhaji da garewani, ba ya bin layi tunda aiken Alhaji ne, ya cika, ya je ya zubar a ƙasa suna kallo. Nan ya sami sunan Mai Wankin Ƙasa.

Kakata ta ce da farko cikin ladabi ta yi masa magana. Ban yarda ƙwarai ba, na san bakinta.

"Malam Badaru, an tashi lahiya? Mi ƙasa ta yi da za a yi mata wanka kullum?"

Bai ɗago ba. "Ba ƙasa ba ce, pabe ne." Haka Baturen ke kiran shimfiɗar bulon, shi ma bai taɓa kiranta da wani suna ba. "Ba ki san shi ba."

"Shi ban san shi ba, bangona na sani. Dubi gindinsa."

Ya duba. Ruwan wankin ya taru a gindin bangon, lakar ta yi baƙi har tsayin taƙi.

"Ginin laka ne, in bai tahi bana ba ya tahi baɗi. Ki ce ma mijinki ya yi na siminti."

Mijin nata, kakana Almu, shi ke bin kasuwannin ƙauye, su Korahane, yana sayo wa Alhaji hatsi. Duk sanda ta kai masa ƙara sai ya ce ta yi haƙuri, zai yi wa Alhaji magana. Bai taɓa yi ba. Da ta gaji, ta tare Alhajin da kanta zai tafi masallaci, ta durƙusa ta faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Furera, ai ruwa albarka ne." Ya dai ce zai sa a rage. Badaru ya rage na kwana ɗaya.

Daga nan gaisuwa ta ƙare tsakaninta da Badaru. Kakata ta koma yin shiƙar geronta a bakin ƙofa, ta inda iska ke kaɗawa zuwa bulon, da rana tsaka, kowa na gani. Ƙaiƙayi ya sauka a jiƙaƙƙen wuri ya manne, tsabar da ta faɗa cikin layukan ta tsiro. Ta saki kajinta, suka bi suna tone yashin da ya tankaɗe da wahala. Shi kuma ya tara shara ya tura mata bakin ƙofa. Ya taɓa kama kazarta ya wurga ta ta kan bango, ta faɗa cikin tukunyar miya. Yakan zauna a bakin zaure ya ce, da ƙarfi yadda za ta ji, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba ba za su san tsabta ba.

"To ka koma can mana," in ji ta daga cikin gida. "Ko tekun ma korarka ya yi?"

"Can ko karen Bature ba ya kwana ɗaki irin naki."

"Shi ya sa ka dawo, ka ga karen ya hi ka daraja."

Duk wannan bai rage wa bangon komai ba, sai ma ya ƙara, don yawan dattin da ta sa, yawan ruwan da ya zuba. Yaɓen waje ya soma ɓantarewa. Ta kwaɓa ƙasa ta sake yaɓe shi, kafin ya bushe an sake jiƙa shi. Daga ciki wani farin gishiri ya fito a bangon, tabarmar yara ta riƙa warin danshi a tsakiyar rani.

Mutanen unguwa sun sha ce wa Badaru abin da yake tsoro babu shi a Dakoro. Ba wanda ya taɓa ganin gansakuka a nan sai a gindin randa. Ya ce tana nan, jira take yi. Sai ga shi a ƙarshen bazara, a lungun da bangon ke yi wa inuwa, inda ruwansa ke kwana, bulo ya yi kore. Kakata ta ce ba ta taɓa ganin fara'a a fuskarsa ba sai ranar. Ya je ya kira Alhaji daga cikin baƙinsa, ya durƙusa ya shafa da yatsa ya nuna masa.

"Ga ta nan, Alhaji. Na ce muku tana nan. Da ban tsaya ba, da yanzu ta kai bakin zaure."

Alhaji ya jinjina kai, ya sa aka ƙara masa jaki na biyu.

Ba a daɗe ba bangon ya tsage daga ƙasa zuwa sama, tsagar da hannu ke shiga. Kakata ta kwashe yaran ta mayar da su rumfar girki. Gadonta da jerenta ba ta sami inda za ta kai su ba. Ruwan farko mai ƙarfi na daminar nan ya sauka bayan la'asar, kafin ya ɗauke bangon ya kife waje a kan bulon, rufin ya bi shi ya rufta kan kayanta. Kwanonin aurenta suka lotse, ƙwaryar da ta gada wurin uwarta ta dagargaje. Ba wanda ya ji rauni.

Tana tsaye cikin laka, maƙwabta na jajanta mata, Badaru ya iso da felu, wato shebur, a kafaɗa. Ya dubi tulin ƙasar, bai dubi ɗakin ba.

"Ki sa a kwashe ƙasarki, ta danne mini pabe."

Mata suka yi masa caa. Kakata ta ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi. Gaskiya ya hwaɗa, ƙasata ce. Zan kwashe."

Kakana ya dawo daga ƙauye ya tarar da abin, ya ce ƙaddara ce. Alhaji ya aiko da zana da itacen rufi. Ita kuwa ta kira matan da suka saba jan guga tare. Suka kwashe ƙasar daga kan bulon tas, amma ba su kai ta nesa ba. Suka jera ta a kan iyakar gidanta, tudu mai faɗi, suka zuba tsakuwa, suka yayyafa ruwan makuba, suka yi ta bugu da madaɓi kamar yadda ake daɓen ɗakin amarya, har ya yi tauri. Badaru na gefe yana wanke bulonsa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu aikin banza suke yi.

Daga ranar ruwa bai sake samun hanya ta wajenta ba. Na sama da na wanki duk suka taru, suka juya baya, suka shige zauren Alhaji inda ake jibge buhunan gero. Ba a lura ba sai da warin ya fito. Da aka ɗaga, buhunan ƙasa duk sun tsiro, waɗansu sun yi funfuna. A ranar Alhaji ya karɓe jakunan, ya miƙa wa Badaru tsintsiya a gaban ƴan dako, ya ce in ya sake ganin ɗigon ruwa a wurin, ya nemi wani gida.

Bai nemi wani gida ba, don ba wani gidan mai pabe a garin. Ya zauna yana shara shekara da shekaru, yana tari, ba ya magana da kowa sai in zai kori yara. Koren nan ya bushe da kansa cikin ƴan kwanaki, bai kuma sake fitowa ba. Badaru ya ce ɓuya ya yi. An ce idan zai yi alwala, sai ya je lungun nan ya yi, ya ciro buroshin daga aljihu ya ɗan goga kafin wani ya gani. Kakata ba ta sake gina ɗaki a wurin ba, ta koma can ƙarshen gida. Ba su sake gaisawa ba, ko ranar salla.

Ya mutu a wata shekarar da rijiya ta ja baya ƙwarai. Ba shi da kowa, sai aka bi gidajen unguwa ana neman ruwan wankan gawarsa. Da aka zo wurin kakata ta ce, "Ai ya riga ya zubar da rabonshi." Wanda aka aiko ya juya zai tafi, ta ce ya tsaya. Ta ɗauko tulu ta kai da kanta, ta ajiye a kan tudun daɓenta, ta ce su ƙaraso su ɗauka, ita ba ta taka bulon.

Na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce tulun ma ba a dawo mata da shi ba.