Ƙwayoyin Da Na Riƙa Zuba Wa Babana A Kunu

Lokacin da abin ya faru na haura shekara arba'in, bazawara ce ni, ina ɗinki a gidanmu na Ƙofar Gayan, ni ke dafa wa mahaifinmu, ni ke masa wanki. Ni ce 'yar fari, don haka ko sunana ba ya kira, balle ya yabe ni a gaban mutane. Ban taɓa damuwa ba sai da aka gano yana da kansar maƙogwaro, ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki hutu ta dawo gida. Ita ke kai shi asibiti a yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ita ke turanci da likitoci. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya nuna ta, da dusasshiyar muryarsa ya sa mata albarka, ni kuwa ina tsaye da kwanon kunu kamar 'yar aiki. Wallahi kishi ya ci ni, har takun takalminta haushi yake ba ni.

Wata da nake wa ɗinki a Tudun Jukun ta kawo mini ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi, irin waɗanda ake kira antioksidan, ta ce suna gyara jikin da gashi ya ƙona. Da na nuna wa ƙanwata, ko kwalbar ba ta karɓa ba. Ta ce likita ya hana irinsu sai da izininsa, domin suna iya kare cutar ma daga gashin. Na ce a raina iyayi ne kawai, ba ta son a ce da hannuna a samun sauƙinsa. Sai na fara daka su ina zuba masa a kunu safe da yamma har aka gama gashin, ina jiran ranar da zai warke in fito da kwalbar in kunyata ta.

Da aka sake dubawa ciwon bai ja da baya ba, dole aka yi masa aiki, muryarsa ta tafi ke nan. Ƙanwata ta tsinci kwalaben a bayan keken ɗinkina, ta tara mu 'yan gida tana kuka, tana cewa ni na cuci Baba. Kafin in buɗe baki, Baba ya jawo takarda ya rubuta da ajami cewa shi ya sa ni, a ƙyale ni. Daga baya ya rubuta mini ni kaɗai cewa tun ranar farko ya ji ɗacin, ya shanye ne don kada in ce ya ƙi abin hannuna.

Likita ya ce ba wanda zai rantse ƙwayoyin ne sila, ba kuma wanda zai wanke su, a haka nake kwana nake tashi. 'Yan uwa masu jinya, ko bitamin ne kada ku ba mara lafiya a ɓoye, ku tambayi likitansa. In kuma kuna jin haushin wanda ya fi ku sani, ku binciki zuciyarku tukuna. Ƙanwata, da yake ta gaskata rubutun Baba, ta zo ta nemi gafarata kan zargin da ta yi mini, ni kuma na ce na yafe mata.