Mamman Mai Cike Rami

Da sunan Allah nike farawa, ɗiyata Halimatu Sadiya na rubutawa. Binta mai daddawa ce ta fara ba ni labarin Mamman, a kasuwar Tsafe. Ta gan ni ina auna dawar saye, ta ce, "Ke Indo, ina gonarku ta Kucheri?" Na ce gonar na nan, amma ba mai shiga. Ta ce in nemi wani tsoho a Furfuri, aikinshi ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙan shi, masu neman zinari sunka haƙa rami a tsakiyar gonar da ya bar muna. Sunka yi shekara guda, ba su samu abin kirki ba, sunka kwashe kayansu sunka bar shi buɗe. Mazan unguwa sunka tausaya mani, sunka taru sunka rufe shi yadda sunka saba rufe kabari: itace a gicciye, kara a bisa, sannan ƙasa. Na yi masu addu'a ƙwarai. Damina biyu anka yi lafiya. A ta uku Haruna mai garma na huɗa, ƙafar ɗaya daga cikin shanunshi ta burma har cinya. Da ƙyar anka jawo shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara yarda ya kawo mani shanu, ni kuwa ɗiya huɗu gare ni, gonar nan ita ce tuwonmu.

Na shiga mota zuwa Gusau, na sake wata zuwa Furfuri. Na iske shi ƙofar gida shina tufkar igiya. Gajere ne, hannuwanshi duk kanta. Ubanshi maginin rijiya ne, shi ma ya yi shekara talatin cikin rijiyoyin ƙasar Bungudu. Da burtsatse ta yawaita aiki ya ja baya, sai ya bi masu zinari na ɗan lokaci. Ya ce mani bai ji daɗin aikin ba, don rijiya idan ka gama ka bar wa mutane ruwa, wanga kuwa tarko kake bari. Shi ya sa ya koma cikewa.

Ranar da ya zo, maza sunka biyo shi kallo. Ya soka sanda, ya jawo wani itace da gara ta cinye, ya murje shi da yatsa. Ya ce, "Wa ya rasu a nan?"

Haruna ya ce, "Ba kowa, Baba."

"To da kun yi mashi salla ma, tunda kun yi sutura. Kabari kamu nawa ne? Wanga zurfinshi gaba goma ne. Abinci kunka ajiye wa gara."

Haruna ya ce ai taimako sunka yi. Mamman ya ce, "Allah ya ba da lada. Yanzu ku taimaka ku kwashe."

Da anka buɗe, ya zura fitila da igiya, ya ga ba ta mutu ba, sannan ya yi bisimilla ya sauka. Ya daɗe. Da ya fito ya ce ramin ba a tsaye kaɗai yake ba, akwai lungu da ya yi gabas, ƙarƙashin inda nike shuka gero. Ya taka tsawonshi a bisa, ya zagaye da toka.

Aikin ya ci sati biyar. Jakuna na kawo duwatsu, mu mata muna ɗebo ruwa. Shi ke sauka ya cusa duwatsu cikin lungun da hannu, tun daga ƙurya. Sannan anka taso da ramin: manyan duwatsu, tsakuwa, jar ƙasa, a zuba ruwa, a daɓe, a sake. Idan ya ga an jefa kara ko shara don a yi sauri, sai ya sa a fiddo. Ba ya barin abin da zai ruɓe.

Da anka kai bisa na ce alhamdu lillahi, bana sai shuka. Ya ce a'a. Duk inda toka ta zagaye ba a taɓa shi sai damina ta wuce a kai. Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam Mamman, ɗiyan nan toka za su ci?" Ya ce, "Inna, ki noma gefe da fartanya. In wurin ya burma da shanu a kai, ba ke ba garma har abada." Shekarar nan mun sha wuya, ni da ɗiyana munka nome abin da munka iya da hannu, sauran na cike da surfe a gidajen mutane.

Da kaka munka je, wurin ya lotsa kusan kamu biyu. Ya dawo ya ƙara ciko, ya sa anka ɗebo baƙar ƙasa daga bakin fadama anka shimfiɗa. Ya roƙi wani Bafulatani ya zaunar da shanunshi a wurin da rani saboda taki.

Ruwa ya sauka, Haruna ya ce shi fa har yanzu bai yarda ba. Mamman bai yi gardama ba. Ya zo tun daga Furfuri, ya kama igiyar shanun, ya shiga gabansu. Ya ce, "In za a faɗa, ni ne farko." Sunka bi ta kan ramin sau shida, ƙasa ba ta motsa ba. A bara gero ya cika rumbu, har na fitar da zakka.

Yanzu gwiwa ta hana shi sauka. Watan jiya na aika mashi da gero, ɗan aiken ya iske shi wani ƙauye bayan Bungudu, zaune bisa tabarma a bakin wani rami, shina duba kowane kwando kafin a juye.