Ranar da Ya Durƙusa wa Baba

Har yanzu idan na ji an buga sanda a jikin wani abu, ko da Inna ce ke kakkaɓe tabarma, sai gabana ya faɗi. Sati uku ke nan. Amma na san abin da idona ya gani, ban kuma yi nadamar abin da na yi ba. Ina so in rubuta shi ne tun maganganun mutanen gari ba su dagula mini shi ba.

A shekararmu ta ƙarshe a sakandaren 'yan mata, malamar adabin Turanci ta riƙa ara mana wasu tsofaffin littattafan Ingila, duk bangonsu ya yage. Ta ce an rubuta su tun zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwar Kano da magariba, kafin Bature ya tako ƙasar nan. Mutanen cikinsu ba sa noma, ba sa daka. Aikinsu ziyara, shan shayi, rubuta wasiƙa, da nema wa 'ya'yansu mazaje. 'Yan ajinmu suna hamma, ni kuwa kamar in haɗiye su.

Abu biyu ne suka kama ni. Na farko bakin marubutan. Sai su yi ta yabon mutum, in ka sake karantawa ka ga ashe tsiraici suka yi masa a tsakiyar kasuwa. Malama ta kira abin da wani dogon suna, ta cika allo da bayani. Ni dariya na yi, don a gidanmu akwai wadda ta fi su iyawa, wato Kaka, mahaifiyar Baba. Gatse ne kawai. In na yi miya ba gishiri, Kaka ba ta faɗa. Sai ta lashe yatsa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar boko, yau kin ba gishiri hutu."

Abu na biyu shi ya kusa kai ni ƙasa. A littattafan nan, namijin da ya zo da fara'a da daɗin baki yawanci shi ne macuci. Wanda ya shigo fuska a ɗaure, bai gaida kowa ba, shi ne mutumin kirki a ɓoye, kuma son yarinyar ne ke sauke masa girman kai sannu a hankali. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Da na gama makaranta na dawo ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta, inda gonar kowa ke manne da ta maƙwabcinsa, in ka yi atishawa a taka a yi maka addu'a daga ta gaba. Wani malamin firamare ya fara zuwa zance, mai yawan dariya, har da kawo wa Kaka goro. Na sallame shi. Laifinsa ɗaya, fara'arsa ta yi yawa.

Sai ga ɗan wani mai sayar da shanu daga ƙauyen da ke gabanmu. Ranar farko ya zo a babur bayan la'asar, Baba da abokansa suna zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gida. A garinmu mai neman aure tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Shi kuwa a tsaye ya yi sallama, hannu ɗaya a aljihu, ya wuce zaure. Kaka ta hango shi ta kafar zana.

"Masha Allah," in ji ta. "Angon nawa akwai tattalin gwiwa. Wannan ko ya shekara ɗari ba zai nemi sanda ba."

"Kai, Kaka! Ba kowa ne ya iya fadanci ba."

"Haka ne. Mu da muka tsufa muna gaida mutane, fadanci ne ya cinye mu."

A zaure ba ya magana sai kaɗan. In na yi masa tsiya, ba ya dariya, kallona kawai yake. Na taɓa ce masa, "Malam, a kasuwa kake sayen kalmomin nan ne, da kake tsimin su haka?" Ya ce, "Kina da baki." Shi ke nan. Na koma ɗaki ina murna, wai na samu mai zurfin ciki, irin wanda sai an haƙa ake ganin ruwansa.

Da Baba ya aiko Inna ta ji ta bakina, ban yi kunyar da ake so budurwa ta yi ba. Na ce shi nake so. Inna ta ce Baba cewa ya yi, "Ni ban ga abin da ta gani ba, amma ita ce za ta zauna da shi." Aka karɓi goro da kayan gaisuwa. Saura sa rana, aka ce ranar Juma'a ta sama iyayensa za su zo.

A wajenmu, in damina ta faɗi, saurayin da aka yi wa alkawari yakan yi wa surukinsa aikin yini guda a gona. Wasu su gayyato abokai da fartanya. Shi ya ce zai zo da shanunsa biyu ya yi wa Baba huɗar gonar gyaɗa, kuma shi kaɗai, don shanunsa ba sa bukatar mai ja.

Da hantsi ya yi zafi Inna ta dama fura, ta ce ni zan kai. Na ɗora ƙwarya a kai, na bi ta gefen shingen lallen da ya raba gonarmu da ta maƙwabta. Tun kafin in gan shi na ji ƙarar. Ɗaya daga cikin shanun, fari mai dogon ƙaho, ya kwanta cikin kunyar huɗa da karkiya a wuya, yana haki. Rana ce ta yi masa yawa. Kowa a garinmu ya taɓa ganin an tsula wa sa tsumagiya, ba baƙon abu ba ne. Wannan daban ne. Ƙotar fartanya ce a hannunsa, yana kai wa san duka a fuska, ba ya tsawa, ba ya zagi, yana yi ne a tsanake kamar mai faskare. A bugu na nawa ban sani ba, ƙahon ya karye. Ban san ƙaho yana da jini haka ba. Ya wanke wa san ido ɗaya, ya gangara cikin ƙasar da aka huɗe.

Na ce, "Malam, don Allah ka bari, zai mutu!"

Ya juyo. Ƙotar tana sama, bai sauke ta ba. Ya tako taku biyu zuwa inda nake, har ina jin warin guminsa. Ya ce, a hankali, "Bakin nan naki, gara ki fara koyon rufe shi tun yanzu."

Ban san yadda aka yi ƙwaryar ba ta faɗi ba. Sai muka ji muryar Baba ta bayan shinge, yana yi wa maƙwabta sannu da aiki, yana tahowa. Kafin Baba ya zagayo, ƙotar tana cikin ciyawa. Fuskar da na yi wata biyar ina jira ta saki, ta saki a ƙiftawar ido. Ya cire takalmi, ya durƙusa cikin taɓo har gwiwoyinsa suka nutse.

"Barka da hantsi, Baba. An zo lafiya, Baba?"

Baba ya tsaya turus, sannan ya hangi jini. "Subhanallahi! Me ya samu san?"

"Kututture ya kai wa karo, Baba. Ba komai, ƙaddara ce. Ai a gonarka ko duka biyun suka faɗi ban yi asara ba."

Baba ya yi ta ba shi haƙuri. Shi da kansa ya ɗebo ƙasa ya danne wa san ƙahon. Ni na ajiye fura na juya gida.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Yaron nan mai girman kai ya durƙusa, ya kuma yi asarar ƙahon sansa a gonar suruki bai ko ɓata rai ba. Matan maƙwabta suka shigo suna yi wa Inna barka. Wata ta dafa ni ta ce, "'Yar nan, me kika ba shi? Ki sammana mu kai wa namu." Inna sai murmushi take. Abin da na yi ta faɗa musu zai faru ke nan, ga shi ya faru a idon kowa, ni kuwa na shige ɗaki.

Na ɗauko littafi ɗaya da malama ta bar mini, na yi ta buɗe shafuka, ina neman inda ɗaya daga cikin mazan nan ya ɗaga wa wani sanda. Babu. Abin da na tarar, wanda da can idona ke tsallakewa, shi ne sauyinsu a hankali yake zuwa, kuma a inda ba mai kallo, ga mutanen da ba su da abin da za su saka musu da shi. Na kuma lura 'yan matan ma sai da kowace ta zauna ta ce, ni ce na yi kuskure. Wannan babin nakan karanta shi da sauri, don in kai ga biki.

Washegari na samu Kaka a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Na zauna ina taya ta. Na ce, "Kaka, ashe angon naki akwai tausayin dabba."

Ba ta yi dariya ba.

"Ajiye wannan bakin, na fi ki iya shi. Faɗa mini abin da ya faru yadda ya faru."

Na faɗa mata, tun daga ƙarar har zuwa taɓon gwiwa. Na ce, "Kaka, ki gaya wa Baba. Ni ba zan iya ba."

Ta murza ɓawo a tafinta. "Ba zan gaya masa ba."

"Kaka!"

"Saurara. Shekara nawa ina magana a karkace? Tun ranar da yaron nan ya zo nake yi masa ba'a. In na je yanzu na ce ga abin da ya yi, ubanki zai yi murmushi ya ce tsohuwa ta fara halin nata. Ni na ɓata bakina da kaina, ranar da nake bukatarsa ba zai yi mini aiki ba. Ke kika ce shi, a gaban uwarki, ido a bushe. Ke za ki ce ba shi ba. Kuma kada ki yi wa maganar ado."

Tunda nake ban taɓa yi wa Baba maganar aure baki da baki ba. A gidanmu ba a yi. Kwana biyu ina zagaya shi, in na buɗe baki sai in tambaye shi ko a kawo ruwa. Ranar Alhamis da safe, saura kwana ɗaya su zo, na same shi a bayan rumbu yana wasa fartanya. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ina da magana."

"Uwarki ba ta nan ne?"

"Tana nan. Kai nake so ka ji."

Ya ajiye dutsen wasan.

"Babu kututture a gonar gyaɗa, Baba. Kai ka tone na ƙarshe bara. Da ƙotar fartanya ya karya ƙahon, a gabana. Da na ce ya bari, ya taho mini da ita a sama."

"Ya taɓa ki?"

"Bai taɓa ni ba. Muryarka ya ji."

Baba ya dubi ƙasa.

"Ke kika zaɓe shi."

"Ni ce. Na yi kuskure, Baba. Ba na son auren."

"Kin san abin da za a ce? Za a ce mun ci guminsa, mun karya masa sa, mun kore shi. Za a ce boko ya sa kin raina maza, na biyu ke nan."

"Na sani."

"Kuma kin tsaya a kan haka?"

Na ce, "Na tsaya."

Ya miƙe ya aika a kira ƙannensa biyu. Na ɗauka kaya kawai za a mayar, kamar yadda aka saba. Aka ɗora kayan a kan babur ɗin ƙaramin baffana, amma sai na ga su ukun kowa ya saɓa fartanya. Inna ta fito da ludayi a hannu. "Malam, ina kuma za ku da fartanya?"

"Ya yi mini yini a gona. Zan je in yi wa ubansa yini."

"Da furfurarka? A gonar yaron da ka haifi kamarsa?"

"Da ita."

An ce sun mayar da kayan, Baba ya faɗi dalili a gaban uban yaron ba tare da ɗaga murya ba, sannan suka shiga gonar geronsu suka kama noma. Mutanen ƙauyen suka fito bakin hanya suna kallo. Uban ya yi ta roƙon su bari, Baba bai ɗago ba sai da aka kira la'asar.

Gab da magariba suka dawo. Baba ya zauna a bakin rijiya, rigarsa ta manne da baya, tafin hannunsa ya fashe wuri biyu. Na kawo masa buta. Ya karɓa, ya dube ni.

"Gobe ba mai zuwa," in ji shi. "Kuma in kin fita, ki bi ta babbar hanya. Ba abin kowa a wuyanki."