Giyar Auren Rahila

Kakata Tani mai burkutu ce, kuma ba ta taɓa jin kunyar sana'arta ba. Ranar dahuwa, da an gama tuwo sai mu jikoki mu kewaye murhun manyan tukwane, don ita ba ta matsawa daga wuta. Tana tura kara, hayaƙi na sa ta hawaye, ƙanshin tsiron dawa ya cika gida. Nan ce makarantata. Ta mishan aji uku na yi na gudu.

"Ga ta nan tafe," haka take farawa, "mai gyangyaɗi ta taka shi ta wuce."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Bushiya da Kurege. Wai a da Bushiya ba ta da ƙaya, jikinta sumul kamar ɗan tsako. Ta sha harbi ta tara zuma tulu guda, ta ce na ranar auren 'yarta ne. Raminta na yoyo, sai ta kai wa amininta Kurege ajiya. Ana nan ana nan, ran nan manyan dawa, su Zaki da Giwa, suka ya da zango a ƙofar Kurege, kowa cikinsa tim. Kurege ya rasa abin da zai yi su san da zamansa, sai ya tono tulun ya wanke musu ƙafa da zumar.

Na ce, "Kaka, bai ko lasa ba?"

"Da ya lasa ai da sauƙi, ɗan nan. Mai yunwa in ya ci amanarka ka san abin da ya kai shi. Wannan so yake a ce masa sannu."

"Bushiya ta doke shi?"

"Da wane hannun? Dunƙulewa ta yi. Da ta warware, sai ga ƙaya."

Mu dai dariya muke yi, muna hango Giwa da ƙudaje a ƙafa.

Ni da aminina Bulus jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu Landan, wani Bature da ya gama aiki a Arewa ya taho da mu, ni kuku, shi mai jera tebur. A gidan Baturen nan Bulus ya koyi giyar inabi. Shi ya nuna mini cewa tasu ba irin ta Kaka ba ce da ke tsami in ta kwana biyu. Kwantar da kwalba ake yi a wuri mai sanyi da duhu, kada toshiyar ta bushe, a bar ta shekaru tana nuna. Da aka haifa mini Rahila ya ce Turawa na ajiye wa jariri giyar shekarar haihuwarsa. Na ƙuntata wa kaina na sayi akwati guda, na ce sai ranar aurenta. Shi ne uban baftismarta, shi ke da ɗakin ƙasa mai sanyi, sai na ba shi ajiya. Ni daga ɗaki ɗaya a Dagenham na koma flat ɗin council, gidan hayar hukuma, a Thamesmead, inda ko albasa ba ta jimawa.

Sai kuɗin man fetur ya ɓarke can ƙasarmu. 'Yan kwangila suka cika unguwar Aldwych ta Landan da manyan riguna, Bulus ya zama ɗan jagoransu, ya yi tumbi, ya shiga ƙungiyar masu ɗanɗanar giya. Da aka sa ranar Rahila na hau bas na je ɗaukar kayana ban sanar ba.

Na tarar da su a falo, Turawa da namu, kowa da kofi. A jujjuya, a cusa hanci, a kurɓa, a kurkure baki, sannan a tofar a bokitin azurfa. Haka dokar take, wai kada a bugu. Kwalaben kan tebur kuwa na san su kamar fuskar 'yata. Wani ƙato da ko sunan giyar bai iya faɗa ba ya tofar ya ce, "Bulus, ka iya ajiya!" Na ga Bulus yana washe baki har kunne.

Ya ja ni kicin. "Haba Ayuba, giya ce fa. Gobe in yi maka order ɗin wadda ta fi ta."

"Ta shekarar Rahila?"

"Wa zai gane a wurin biki?"

Na juya na fita. Da shanyewa ya yi shi kaɗai a wani daren baƙin ciki, da na zage shi mun wuce wurin. Sai a bas ɗin komawa maganar Kaka ta same ni, bayan gashina ya yi furfura. Ashe ba labarin ɓarawo take ba mu ba.

Ranar bikin ya zo a mota mai direba, da akwatunan giyar shamfen mai tsada. Tun muna yara Dogo nake kiransa, shi ya ce mini Gajere, ko a gaban Fasto. Ya buɗe hannu daga nesa yana, "Gajere, yau ranarmu ce!"

Na cire hula na rusuna. Na ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ga kujerun baƙi can."

Ya tsaya da hannuwansa a buɗe. Ni kuma na shiga na riƙe hannun 'yata.