Gonar da Kawu Maharazu Ya Daina Nomawa

Duk wanda ya tashi a garinmu, yamma da Tibiri a kan hanyar Gidan Rumji, ya san Kawu Maharazu. Ƙanen mahaifiyata ne. Gajere, mai faɗan tsiya. In akuyarka ta shiga gonarsa, har kakanninka sai sun sha zagi. Amma a noman fadama ba a haɗa shi da kowa.

Garinmu a kan tudu yake. In ka gangara sai ƙasa ta baje, baƙa wuluk, shimfiɗe har bakin gulbi. Ita ce fadama. Da rani gulbin yashi ne zalla, jakuna na birgima a ciki. Da damina kuwa, ko ba a yi ɗigo a wurinmu ba, ruwan da aka yi can wajen Katsina sai ya taho ya cika gulbi, ya tumbatsa, ya kwanta a fadama. In ya janye sai ya bar laka, lakar nan ita ce takinmu. Gonar Kawu ce ta ƙarshe, daf da gaɓa. Dawa da damina, taba da albasa in ruwa ya ja.

Matarsa Baturiya ita kaɗai ta iya da shi. In ya fara sababi sai ta ce, "Malam, ka ƙare in dama maka hura?" Sai ya yi tsit. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka yi zamansu.

Wata damina ta tsallaka gulbi da safe zuwa suna a garinsu, ruwa iya idon sawu. Tana dawowa da la'asar ruwan kudu ya riske ta a tsakiya. Washegari aka same ta a ƙarshen gonar mijinta. A al'adarmu, wanda ruwa ya ci ba a hawa da shi tudu, inda aka tsamo shi nan ake binne shi. Aka sa ta a wani ɗan tozo kusa da gaɓa. Fadama ba ta da dutse ko na jifan tsuntsu, sai Kawu ya ɗauko turminta ya kife a wajen kai don ya zama alama.

Daga nan ya ɗaura yaƙi da gulbi. Kowace damina ruwa na zaizayar gaɓa yana matsowa, shi kuma ya kafa turaku, ya cusa ƙaya, ya dasa gamba. Har tsokanarsa ake yi, ana cewa Maharazu ya samu abokin faɗa daidai shi. Shi dai aikinsa yake yi. Shekaru yana tsare gaban kabarin nan, bai taɓa waiwayar bayansa ba.

Daminar da aka samu mulkin kai, maza na ta zuwa Maraɗi kallon sabuwar tuta, ruwa ya zo irin wanda ban taɓa gani ba. Bai ma bi ta turakun Kawu ba. Can sama ya fasa gaɓa, ya biyo ta bayan gona, ya yi wa kansa sabuwar hanya. Da ya janye, tsohon gulbin ya cike, tozon ya ɓace, laka ta shafe komai sumul kamar daɓen ɗaki. Turmin kuwa itace ne, ruwa ya ɗaga shi. A gonar Haladu maƙeri aka tsince shi, nesa can yamma.

Gari ya ɗauki murna. Lakar shekarar ko tsinke ka soka sai ya yi ganye, har ana kiranta lakar mulkin kai. Ni a lokacin ina ɗakin mijina, nakan kai wa Kawu tuwo gona. Sai in iske shi da sanda yana zagaye, ya soka nan, ya tsaya, ya soka can. Wallahi sai zuciyata ta karye.

Na ce, "Kawu, kowa ya yi dashe sai kai."

Ya ce, "Ɗiyata, in sa hauya ina? In na sara nan, wa ya sani ko bisa kanta nike sara?"

Liman da kansa ya gangaro ya ba shi haƙuri, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, kuma Allah ya san inda baiwarsa take.

Kawu ya ce, "Na yarda, Malam, Allah ya sani. Ni ne ban sani ba."

Bai ƙara noma gonar ba, bai kuma bari wani ya taɓa ta ba. Mutumin da ake zuwa koyon dashen taba a wurinsa ya koma ƙwadago a gonakin geron mutane a kan tudu. Fadama ta yi kore shar, tasa kaɗai ciyawa a tsakiya. Faɗan ma ya daina, akuyoyi na kiwo a ciki yana kallo. Ni na fi son lokacin da yake zagi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ina zaune a gefensa, ya kama hannun mijina ya ce, "Ku sa ni kusa da ita."

Mijina ya ce, "To, Kawu."

Da aka fito da makara, maza suka tsaya a ƙofar gida suna duban fadama. Ina leƙe ta danga suka juya, suka hau da shi tudu.