Ɗan Damben Gidanmu Ya Shiga Keji

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Unguwar Gano, a gidan haya nake zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakina na kallon na wani direban adaidaita sahu. Ɗan dambe ne tun daga ƙauyensu, hannunsa na dama kamar taɓarya. Wata Asabar da hantsi ya yi sallama, ya miƙo min takarda.

"Malam, karanta min. Wai wani kamfani ne a Legas ke so in yi musu faɗa a cikin keji."

Na fassara masa: naushi, shuri, kokawa, duk an yarda. Ya ce shi naushi ɗaya ya ishe shi, ya dangwala yatsa.

Ranar wasan, bayan la'asar muka taru a rumfar mai shayi, wayata a jingine da gwangwanin madara. Ba a yi minti guda ba ya narka wa abokin karawarsa naushi, mutumin ya zube. To, a dambe in ka kai mutum ƙasa ka yi kisa, an gama. Sai namu ya juya baya, ya ɗaga hannu, yana zagaya keji yana kirari. Mu ma muka miƙe da ihu. Mutumin nan kuwa ya tashi a hankali, ya ɗane bayansa kamar ɗan goyo, ya shaƙe shi. Alƙalin wasa na tambayarsa ko ya sallama, shi kuma yana nuna ƙasa, wai ai ya riga ya kayar da shi. A haka ya suma.

Ya dawo Kano da dusasshiyar murya.

"Malam, ba ka karanta min wannan wurin ba."

"Na karanta. Kana can kana gwada naushi a labulena."

Bidiyon ya zagaye gari. Sai ga wani kamfanin, abokin hamayyar na farko, ya bugo waya yana nemansa, wai mutane na son ganinsa. Na farko suka ce sam, nasu ne. Da yake duk da Turanci suke faɗan, sai ya ba su lambata. Ranar da shugabar makarantarmu ta iske ni a bayan aji ina daka wa wani ɗan Legas tsawa a kan shaƙe wuya, sai da na yi rantsuwa kafin ta yarda ba rikici na shiga ba.

Daga ƙarshe na farkon suka sake shi. Wani dattijo mutumin Jos da ke Babban Giji, wanda ya yi judo da ƙuruciya, ya riƙa zuwa yana koya masa faɗan ƙasa a kan tsohuwar katifa a tsakar gida, matan gida na tsallake su suna shanya. Wasansa na farko a sabon kamfani, shi ya yi nasara.

Bayan nan mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye. Abin da ta sani kawai, ɗanta ya samu aikin kamfani a Legas, ta kuma gama faɗa wa dangi. Ta ce in nuna mata ofishinsa. Na kunna mata wasan. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta dube shi.

"Kamfanin naku ko riga ba sa bayarwa?"

"Inna, haka dokar take."

"To, in an tambaye ni a gida, mai gadi ne kai."